Ni da Tiyo a Dam ɗin Tiga

Waya ce ta ja mini. Wani dare cikin Janairu, ina ƙudundune a bargo, na ci karo da bidiyon wasu Turawa suna nutso a Scapa Flow, can arewacin Sukotlan, inda sojojin ruwan Jamus suka nutsar da jiragen yaƙinsu da hannunsu a 1919 don kada abokan gaba su gaje su. Ga baƙaƙen duwatsu a gaɓa, ga ruwa kamar ƙanƙara, amma mutanen nan sai su goya tukunyar iska, su faɗa ta baya, su yi ta leƙe-leƙe cikin jirgi kamar 'yan ganin ɗakin amarya.

Na ce a raina, to da me aka fi mu? Duwatsu dai akwai su a Tiga. Ruwa ga shi nan jibge a ƙasar Bebeji tun da gwamnatin Audu Baƙo ta datse Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974. Sanyi kuwa, wanda ya taɓa kwana a Tudun Wada ko Doguwa da hunturu ba sai an ba shi biza zai san shi ba. Jiragen yaƙi ne kawai ba mu da su, amma tun ina yaro nake jin labarin ƙauyukan da aka tasa kafin ruwa ya shanye kufansu. Na ƙudurta sai na ciro ko da turmi ne.

Na shiga Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo na samo tabarau na ninkaya da takalman agwagwa, ɗaya ya fi ɗaya girma. Da na tambayi tukunyar iska, wani yaro ya ce in jira, ya dawo da tukunyar gas ta girki. Ban karaya ba. Bafaranshen nan Jacques Cousteau da abokinsa injiniya Emile Gagnan sun sha fama kafin su ƙera na'urar shaƙar iska a 1943, ni kuwa da magariba ɗaya na gama nawa lissafin: na ari tiyo kamu goma wajen ƙanin matata mai noman rani a Kadawa. Maganin sanyi kuma, na shafe jikina da man kaɗe, na ɗora suwaita biyu. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, ta ce, "Malam, ka dai faɗa mini inda takardun gida suke."

Mun isa da hantsi, ni da ɗan ƙanwata wanda zai riƙe mini bakin tiyo. Hazo ya rufe tsallake, iska na yanka kunne. Wani dattijo masunci na zaune a gindin dutse yana ɗinkin raga, kwalekwalensa ɗaure a gefe.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, samari. Feshin gona za a yi ne?"

"A'a, nutso zan yi."

"Ka iya ruwa?"

"Na yi wasan kududdufi sosai ina yaro."

Ya daɗe yana duban takalmana, sannan ya ce, "Allah ya sauwaƙe," ya ci gaba da ɗinkinsa.

Da ruwan ya taɓa idon sawuna na gane man kaɗe maganin kaushi ne kawai. Da ya kai cibiya na manta sunan unguwarmu. Suwaitun nan suka sha ruwa suka koma kamar na goya buhun gero. Amma yaro ya riga ya ɗaga waya yana ɗauka, kuma kawu ba ya ja da baya a gaban ɗan ƙanwarsa. Na cusa tiyo a baki, na durƙusa.

A bidiyon Turawa ana hango jirgi daga nesa. A Tiga tafin hannuna ma sai na kawo shi kan hanci nake ganinsa, sauran duk launin kunun tsamiya. Na ja numfashi, ƙirji ya ƙi buɗewa, kamar wani ƙato ya zauna a kai. Daga baya wani malamin kimiyya ya yi mini bayani yana share hawayen dariya: ruwa na danne ƙirji, kuma da zurfi ya kai kamar mita 1 huhu ba ya iya zuƙo iskar sama ta bututu, ɗan abin da ka samu ma numfashin da ka fitar ne yake dawo maka. Shi ya sa bututun masu ninkaya gajere ne. Da ma kafin tafiya na tambaye shi.

Ina cikin wannan hali sai na ji murya ta cikin tiyo: "Kawu, kana ji na?" Kafin in yi tunanin yadda ake amsawa, yaro ya matsa don ya gyara hoto, bakin tiyo ya suɓuce ya faɗa ruwa. Dam ɗin na ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2, kuma ranar na sha rabona har da na iyalina. Na kai hannu ƙasa na damƙi wani abu cikin taɓo, na fara harbe-harbe, sai na ji an cafke mini ƙafa. Kada! Na yi kalmar shahada da baki cike da ruwa.

Ragar da Baba ya shimfiɗa tun asuba ce. Shi ya janyo ni, ni da karfasa uku, ya ce, "Miƙe tsaye mana." Na miƙe. Ruwan iya ƙirjina ne. Abin tarihin da ke hannuna kuwa silifa ce ta roba, ƙafar hagu, ta tsinke.

Ya hura mini wuta da kara, haƙorana na kaɗawa kamar ana buga kalangu. Ya ce tunda ya fara su bai taɓa kama kifi mai suwaita ba. Na biya kuɗin gyaran raga, da na nemi ko karfasa ɗaya ya ce ai a ragarsa muka shiga mu duka huɗun, ni ma alfarma ya yi da ya sake ni.

Kwana biyar na yi ina fama da mura, bidiyon kuma har yau yana yawo a zauren danginmu na WhatsApp. Tiyo ya koma Kadawa yana ban-ruwan tumatir. Tabarau kuwa uwargida ta karɓe, da shi take yanka albasa.