Ranar da Taya Ta Yi Bindiga

Direbanmu na hanyar Kano zuwa Zariya yana da tawakkali mai ban sha'awa. Ya rubuta "Allah Ya Kiyaye" a bayan mota da fenti kala uku, amma tayarsa ta gaba ta suɗe kamar kan jariri ranar suna. Yadda yake auna iska kuwa, shuri ɗaya ne da ƙafa, sai ya gyaɗa kai.

Ga shi taya ba ta ɓoye shekarunta. A gefenta akwai lambobi huɗu: 2315 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2015. Mai sayar da tsohuwar taya 'yar Beljiyam zai rantse maka sabuwa ce, "'yar tafiya kaɗan ta yi a Turai". Idan iska ta yi mata ƙaranci, ga lodi, ga kwalta ta ɗau zafin bazara, sai ta yi ta ɗumama har ta fashe.

A nan ne ƙafa ke cin amanar mai ita. Da jin ƙarar sai ta ruga kan birki, alhali taka birki da ƙarfi shi ke sa mota ta juya ko ta wuntsila. Abin yi shi ne a riƙe sitiyari da hannu biyu, a miƙe hanya, a saki totur sannu a hankali, sai gudu ya ragu sosai a taɓa birki a gangara gefe. Salati kuma a bar wa fasinjoji, sun fi direba iyawa, musamman hajiyar kujerar baya da tun daga Kwanar Ɗangora take cewa, "Malam direba, ka rage gudu."