Agogon Matuƙin Jirgi a Hannun Sarkin Latti

Duk mai halartar taruka a 'yan shekarun nan, ko ƙaddamar da littafi ko taron tsofaffin ɗalibai, ya ga sabon salon saɓa babbar riga da ya shigo gari. Da can ana saɓa riga a kafaɗa don kada ta share ƙasa. Yanzu ɓangaren hagu ya fi shan saɓawa, a ɗaga hannu a hankali kamar mai shirin rantsuwa a kotu, har sai jama'a sun ga abin da ke ɗaure a wuyan hannun. Wani ƙaton agogo ne mai baƙar fuska, faɗinsa ya kusa marfin gwangwanin madara, da manyan lambobi farare, ga wasu ƙananan agogo uku a cikinsa kamar kaza da 'yan tsakinta. Shi ake kira agogon matuƙan jirgin sama. Ingancinsa babu ja, amfaninsa ma akwai shi. Abin dubawa shi ne yadda kayan aikin mutanen da suka fi kowa tsoron latti ya zama tambarin mutanen da suka mai da latti sarauta. Katin gayyata ya ce goma na safe, babban baƙo ya shigo ɗaya saura, da agogon da ba ya kuskuren daƙiƙa a hannunsa, kuma shi ne farkon wanda zai duba shi ya ce wa mai gabatarwa a taƙaita jawabai saboda ƙurewar lokaci.

Asalin agogon nan larura ce ta haife shi. A farkon ƙarnin da ya wuce maza a Turai agogon aljihu suke riƙewa, na ɗaurawa a hannu kuwa ana yi masa kallon kayan adon mata. Sai wani ɗan ƙasar Burazil mazaunin birnin Paris, Alberto Santos-Dumont, mai gwajin tashi sama, ya koka wa abokinsa Louis Cartier cewa mai riƙe da akalar jirgi ba shi da hannun lalube a aljihu. A 1904 Cartier ya ƙera masa agogon ɗaurawa a hannu. A 1927 Charles Lindbergh ya tashi shi kaɗai daga New York zuwa Paris cikin awa 33 da rabi, daga baya ya haɗa kai da kamfanin Longines suka fitar da agogon da ke taimaka wa matuƙi ya gane inda yake a doron duniya, a 1931. Lissafin ba na wasa ba ne. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, don haka mai neman hanya da rana da taurari, in agogonsa ya yi kuskuren minti ɗaya a tsakiyar duniya, zai iya saɓa wa inda yake zato da kusan kilomita 28. A sararin teku, da mai ɗan kaɗan a tanki, wannan kuskure ba a gyara shi da "a yi haƙuri, mun ɗan makara".

Kowane abu a jikin agogon yana da dalilinsa. Wanda Jamusawa suka ba sojojinsu na sama a Yaƙin Duniya na Biyu faɗinsa milimita 55, kamfanoni biyar suka ƙera shi, ciki har da Laco da Stowa da IWC. An faɗaɗa fuskarsa don a karanta da kallo ɗaya cikin jirgi mai girgiza. An shafa wa lambobinsa sinadari mai ƙyalli don dare. An yi wa kan da ake murɗawa girma kamar 'yar albasa saboda matuƙi yana sanye da safar hannu mai kauri, an kuma tsawaita maɗaurin fatarsa don a ɗaura shi a kan hannun rigar sanyi. In aka ja kan nan, hannun daƙiƙa yakan tsaya cak, don kowa ya saita nasa daidai da na abokan tafiya kafin a tashi. Bayan yaƙi kamfanin IWC ya yi wa sojojin saman Ingila wani a 1948, aka kewaye injinsa da ƙarfe mai laushi don kada maganaɗisun na'urorin jirgi ya rikita shi. Wato dai kirarin da Bahaushe ya yi, agogo sarkin aiki, a kan irin wannan ya fi zama daram.

To, mu ɗauko wannan halitta ta ƙasar ƙanƙara mu kawo ta Kano a watan Afrilu. Maɗaurin fatar da aka yi don ya hau kan rigar sanyi yanzu yana kan tsurar fata, yana shan gumi daga hantsi zuwa la'asar, kafin damina ta sauka ya fara wani ƙamshi da turaren Dubai ba ya iya rufewa. 'Yar albasar nan da aka yi wa mai safar hannu tana tokare bayan hannun mai ita duk lokacin da ya lanƙwasa shi, har ta bar masa shaida kamar tsagar gado. Hannun kaftani mai maɓalli ba ya hawa kan agogon, sai a koma wurin tela a faɗaɗa na hagu, rigar ta fito hannu ɗaya ya fi ɗaya. Ga alwala sau biyar a yini: a kwance, a ajiye a kan guiwa, a wanke, a mayar, ana waige-waige kada wani ya yi masa alwalar da ba ya dawowa. Duk da haka tambayi mai shi ko yana jin daɗinsa, zai ce maka bai ma san yana hannunsa ba, alhali tun da ya saye shi kafaɗarsa ta hagu ta ɗan karkace. Adalci dai shi ne, na zamani da ba su wuce milimita 40 zuwa 42 ba suna zama lafiya a hannu, amma wa zai hango ƙaramin agogo daga layin baya na ɗakin taro?

Amfani kuwa, a nan ne abin dariyar yake. Kamfanin Breitling ya fitar da Navitimer a farkon shekarun 1950, da wani zobe mai juyawa a gefen fuska wanda matuƙi ke lissafa gudu da nisa da man da jirgi zai sha. A hannun alhajinmu zoben yana nan yadda ya fito daga kwali, sai dai yaran gida su juya shi in yana barcin rana, ko da yake a layin gidan mai zai iya taimaka masa ya gane lita nawa ya ƙone yana jiran lita goma. Rolex ya yi GMT-Master a tsakiyar shekarun 1950 saboda matuƙan kamfanin Pan Am, da ƙarin hannu mai nuna lokacin wata ƙasa. Wannan kam yana da rana a wurin mahajjaci, tun da Makka ta riga mu da awa biyu, sai dai an fi samun mai shi da lokuta biyu a hannu, bai cika ko ɗaya ba. Ƙyallin dare ne kaɗai ya samu cikakken aiki a ƙasar nan, domin in an ɗauke wuta mutum yana iya ƙirga awa nawa ya yi cikin duhu ba tare da kunna tocila ba. Akwai kuma na jabu da ake talla a cunkoson motoci, wanda ƙananan agogon cikinsa zane ne kawai. Tambayi mai irin wannan ƙarfe nawa, sai ka ga ya zaro waya daga aljihu. Santos-Dumont ya wahala a banza ke nan, an koma lalube.

Wani zai ce ai ado ne, kuma babu laifi namiji ya yi ado. Gaskiya ne, wanda ya ɗinka aska takwas ba aski zai yi da ita ba, kuma ko a Turai yawancin masu sayen agogon nan ba su taɓa zama kujerar matuƙi ba. Matuƙan yau ma na'urorin gabansu da tauraron ɗan Adam suke bi. Amma hula ba ta yi wa kowa alkawari ba, takalmi ma haka. Agogo kuwa shaida ne da mutum ya ɗaura wa kansa, yana shelar cewa mai ni ya san lokaci. Wanda ba shi da agogo in ya makara yana da uzurin rashin sani. Wanda ya zuba kuɗin fili a kan na'urar auna daƙiƙa, sannan ya ce maka "ga ni nan a hanya" alhali ana jin ƙarar ruwan wanka ta waya, shi ya yi hayar mai ba da shaida a kansa.

Wani kuma zai ce laifin ba na mutane ba ne: ga cunkoso, ga ramuka, jiragen saman ma kansu sai su ce ƙarfe biyu su tashi bayan isha'i. Wannan uzuri zai karɓu da a ce ba mu san ɗaurin aure ba. In aka ce sha ɗaya na safe, je ka sha ɗaya da minti goma, za ka tarar an shafa fatiha, an raba goro da alawa, maroƙi har ya fara neman abin hawa. Jana'iza ba ta jiran mai kuɗi. A watan azumi kuwa, mutumin da bai taɓa zuwa ofis ƙarfe takwas ba ya san mintin da rana za ta faɗi, da dabino a hannu tun kafin ladan ya gyara murya. Ranar tashin alhazai babu wanda ramin hanya ya taɓa tsarewa. Ashe mun iya lokaci sarai, muna dai zaɓen wanda za mu cika wa. Abin da zai wuce ya bar mu, muna yi masa sammako. Wanda zai zauna ya jira mu, shi muke shanyawa.

A nan ne hujja ta ƙarshe take fitowa, wadda ba a faɗa da baki: wai babban mutum in ya zo da wuri girmansa ya zube, zai zauna da masu jera kujeru. Wato ana auna girma da yawan mutanen da suka ƙona yininsu suna jiranka. In haka ne, a Zariya akwai kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964, sai a je a tambaya ko ana ƙara wa ɗalibi daraja don ya bar jirgi a rana yana jiransa. Shawarata mai sauƙi ce, kuma daga tarihin agogon na aro ta. Sojojin saman Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu ba su mallaki nasu ba, ana ba su in za su tashi aiki, su mayar in sun sauka. To a ajiye faranti a ƙofar kowane ɗakin taro. Wanda ya zo kan lokaci ya wuce da agogonsa, ya saɓa riga yadda ya ga dama. Wanda ya makara ya kwance ya ajiye, a ba wa dattijon da ke zaune a layin gaba tun tara da rabi ya riƙe masa, ya karɓa a taro na gaba in ya riga shi zuwa.