Sannu da Kyauta, Masarautar Lesotho

Karimci hawa-hawa ne. Akwai mai ba ka abin da ya yi masa yawa, akwai mai gutsura maka lomarsa, sannan akwai shugabannin Lesotho, waɗanda suka miƙa wa maƙwabci randar gidan sukutum, suka koma suna sayen ashana a shagonsa. Irin waɗannan bayin Allah ba a samunsu ko'ina, don haka dole a jinjina musu.

Ƙasar 'yar mitsitsiya ce, Afirka ta Kudu ta zagaye ta ta kowace kusurwa, mutanenta sun ɗan haura miliyan 2. Duk faɗinta babu inda ya yi ƙasa da mita 1,400 daga doron teku. Allah ya hore mata duwatsu, ya hore mata ruwa mai gangarowa da ƙarfi, wato dai duk abin da injin wuta yake so. Da wasu marowata ne suke mulki, da sun ce bari mu fara haska gidanmu. Su kuwa ba su da wannan ƙaramin tunanin.

Dubi yadda aka ƙulla zumuncin. A watan Janairun 1986 gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta toshe iyakokin Lesotho, sojoji suka kifar da Leabua Jonathan, Janar Justin Lekhanya ya hau. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Oktoba, an sa hannu kan yarjejeniyar tura wa Afirka ta Kudu ruwan Lesotho. Masu baƙin ciki suna cewa wai an shaƙe wuyan ƙasar ne aka karɓi sa hannun. Haba dai! Dacewa ce kawai.

Aka gina madatsar Katse, tsayinta mita 185, aka bi ta da Mohale. Aka fafe cikin duwatsu, aka yi ramin da ya haura kilomita 80, ruwa ya miƙe bai zame ko'ina ba sai Gauteng, inda Johannesburg take. Ana biyan Lesotho kuɗin ruwan, har suna masa kirari da farin zinariya. A kan hanya kuma aka ɗora tashar Muela, injuna 3, megawat 72. Ko rabin abin da ƙasar take buƙata a tsakiyar sanyi bai kai ba, amma ai wadatar zuci ita ce arziki. Ragowar sai a sayo daga Eskom ta Afirka ta Kudu da kuma Mozambik. Wani abin burgewa, injin Muela ba ya juyawa sai ruwan maƙwabci yana tafiya. Da aka rufe ramin a watan Oktoban 2024 don gyara na wata 6, tashar ma sai ta kwanta ta huta. Ladabi ke nan: uban gida bai sha ba, bara ba ya kunna fitila.

Yanzu hau dutse ka ga masu cin gajiyar. Watan Yuli ne, ƙanƙara ta rufe tsaunuka fari fat. Ga makiyayi lulluɓe da bargo a kan dokinsa, yana koro tumaki, tafki shuɗi shar a ƙarƙashinsa, ƙasan ruwan kuwa tsohuwar makiyayar kakansa ce. A cikin bukkar dutse uwarsa ta durƙusa tana hura busasshen kashin shanu, idonta na hawaye, yarinya ta matso da littafinta kusa da fitilar kananzir. Wayoyin wuta sun bi ta saman ƙauyen sun wuce abinsu, ko tari ba su yi ba don kada su tada mutane daga barci. Turawa suna kashe maƙudan kuɗi su je inda za su ga taurari babu hasken birni. Wannan baiwar Allah an bar mata su kyauta, kullum dare. Mutanen Mapeleng ma har da gyara aka yi musu: da tafkin Katse ya fara cika, ƙasa ta yi girgiza, ta tsage ta tsakiyar ƙauyen.

Sai batun amana. Masupha Sole, shugaban hukumar aikin, ya riƙa karɓar na goro daga manyan kamfanonin duniya ta asusun Siwizalan. A nan kotunan ƙasar sun so su ɓata mana yabo, domin sun yi abin kirki da gaske: a 2002 suka yanke masa shekara 18, daga baya suka kama kamfanin Acres na Kanada da Lahmeyer na Jamus da laifi. Allah ya sa gwamnati ta gyara ɓarnar. Yana fitowa a 2011 aka naɗa shi mai ba da shawara a hukumar da ke kula da wannan aikin dai. To wa ya fi kura sanin inda aka rataye nama?

Hasken rana ma ba a bar shi a baya ba. A 2018 wata takarda mai ɗauke da sa hannun wani minista ta ba kamfanin Frazer Solar na Jamus kwangilar yuro miliyan 100. Ministan kuɗi bai amince ba, aiki bai tashi ba, mai sasanci ya ce Lesotho ta biya yuro miliyan 50, kamfanin ya kai hannu zai cafke kuɗin ruwan kansa. Daga baya kotun Lesotho ta soke kwangilar, lauyoyi dai sun sha romo. Ka ga tsabtataccen makamashi na gaskiya, wanda ko ƙwai ɗaya bai kunna ba, balle ya ƙona wani. Tashar Ramarothole ta Mafeteng, mai megawat 30, ita ta kunna, da bashin Sin.

Kada mai karatu ya ɗauka hannun kyautar ya gaji. Can a Mokhotlong ana gina madatsa ta uku, Polihali, gonaki da makiyaya za su sake nutsewa, ruwan zai bi ta Katse ya nufi Gauteng. In Allah ya kai ka ganin wannan abin alfahari, ka riƙe bargo mai kauri, kuma kada ka manta da tocilarka.