Ruwa Ai Ruwa Ne

Sabulu yana da wani hali. Idan kana ƙara shi a ruwa kaɗan-kaɗan, ƙwayoyinsa a warwatse suke, kowace na harkar gabanta. Da sun kai wani adadi sai su fara curewa, su cusa wutsiyoyinsu masu gudun ruwa ciki, su bar kawuna waje. Wannan adadin, da ake kira CMC, shi malamina Dakta ya ba ni in auna a shekarata ta ƙarshe a jami'a, da sinadarin SDS, irin wanda ke sa man goge baki kumfa. Amsar ma duniya ta san ta: kusan milimola 8.2 a lita, a tataccen ruwa mai ɗumin digiri 25.

Don auna shi akwai hanyar zoben du Noüy, wanda ake ɗagowa daga fuskar ruwa a ga ƙarfin riƙonta, daga 72 yana sauka har ya tsaya cak. Namu zoben ya lanƙwashe tun ina firamare. Sai na koma hanyar lantarki: ka tsoma na'ura, ka riƙa ƙara sabulu, layin awon yana hawa da sauri, inda ya karye ya rage gudu nan ne wurin, don curin yana riƙe wani kaso na sodiyam.

Kwalabena na farko suka yi fari kamar farau-farau. Layin kuwa ya karye tun bai kai rabin inda littafi ya ce ba. Na sake, haka ya ba ni. Wallahi a daren nan har na tsara abin da zan faɗa wa 'yan jarida.

Da safe na shimfiɗa takardar gaban Dakta, ina gyaran murya. Bai ko ɗauke ta ba. Ya ce in tsoma na'urar a ruwan zalla, ba sabulu. Lambar da ya kamata ta kwanta kusa da sifiri sai ga ta ta haura ɗaruruwa.

Aka kira dattijon da ke kula da ɗakin gwajin.

"Baba, ina aka samo ruwan jarkar nan?"

"Burtsatsen bayan masallaci, ranka ya daɗe. Injin tacewa ba wuta. Na ga yaron nan zai zauna ba aiki, na tausaya masa. Ruwa ai ruwa ne."

Dakta ya dafe kai, ya yi mana karatu: gishiri yana sa ƙwayoyin su cure da wuri, kalsiyam kuma kama sabulun yake ya mai da shi gari, shi ne farin da na gani.

Aka tura ni kasuwa neman tataccen ruwa wurin masu cajin batir. Na ce wa mai shagon ruwan batir nake so, jarka guda. Ya ajiye sifana, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Samari, wa ya ɓata maka rai?"