A Bar Gara Ta Huta Haka

Ka ce gara ce ta kashe maka mangwaro? Haba Malam! Daga Horo Birni har Bodinga, duk itacen da ya bushe sai a ɗora wa baiwar Allah nan laifi, in ba ita ba a ce sammu ne ko bakin maƙwabci. Ba na wanke ta, tana cin ƙananan itatuwan turare da ransu. Amma sau da yawa gawa take tararwa, ita nata cin sadaka ne kawai.

Ka ce to wa ya yi kisan? Ɗauko fartanya ka tona gindin. In ka tarar saiwa ta yi baƙi ta yi laushi, ɓawonta yana saluɓewa a hannu da warin ruɓa, ko farar funfuna ta shimfiɗu tsakanin ɓawo da itace, ga mai laifinka nan. Wani irin ma har tallar kansa yake yi: ya fito a gindin itace da faɗi da tauri, ja-ja a sama, fari a ƙasa. Kai kuwa ka wuce shi kana neman mai duba.

Ka ce ai ganye ya yi yaushi, ƙishirwa ce, bari a ƙara ruwa? Sannu likita! Saiwar da ta ruɓe ba ta iya sha, shi ya sa ganyen ya languɓe. Kai ka haƙa wa itace kwami a fadamar laka, ka sakar masa injin ban-ruwa safe da yamma, saiwa ta rasa iska, cuta ta samu gida. Lemun tsami ya fi kowa ƙin ruwa ya kwanta masa a gindi. Ja da'irar ruwan nesa da jikinsa, ka bar ƙasa ta sha iska kafin ka sake ba shi.

Ka ce duk surutun boko ne? To ji na bokon sosai. Wajen 1950, a gandun dajin Thetford na Ingila, wani masani John Rishbeth ya bi diddigin abin da ke kashe itatuwan fayin, masu ganye tsinke-tsinke. Ya gano cewa wata muguwar funfuna ce, iska ce ke kawo ƙwayoyinta, su sauka kan sabon kututture, su gangara cikin saiwa, su tsallaka zuwa lafiyayyen itace a inda saiwoyinsu suka haɗu. Shi ya sa a Turai da an sare itacen ake fesa wa kututturen ruwan yuriya, ko a zuba masa wata funfunar mara cutarwa ta riga muguwar kama wuri.

Ka ce ina ruwan Basakkwace da itacen Turawa? Ai akwai shi a Afaka kusa da Kaduna, akwai a tsaunukan Jos. Kuma dakata, na ga ka nufi buhun takin yuriya da ka ajiye wa gero. Ajiye! Wancan maganin tasu cutar ne. Naka aikin na gatari ne: tumɓuke kututturen da ciwo ya kashe har saiwarsa, ka ƙone, kada kuma ka yi saurin dasa sabo a ramin.

Ka ce a jikin kututturen kake ɗaure jaki? Lalle jakin nan ɗan gata ne, an sadaukar da lambu guda don kada maigida ya kafa turke.