Allonka Mai 144Hz Ya Ƙi Gudu? Ga Magani, Ɗan Kafanchan

Da wuya ka ji wanda aka lallasa a gidan gem ya ce abokin karawarsa ya fi shi iyawa. In an zura masa uku, hannun gem ne ya lalace. In an ƙara ta huɗu, allo ne ke masa nauyi. To ƙanena, tunda ka tara kuɗin aikin citta ka yi aike Ikeja aka kawo maka allo mai 144Hz, zauna mu bi matsalar daki-daki kafin ka kira mai shago ka sauke masa kwandon faɗa.

Da farko ka san abin da ka saya. Lambar Hz tana gaya maka sau nawa allo ke sabunta hotonsa a daƙiƙa ɗaya. Mai 60Hz yana riƙe kowane hoto kusan milisakan 17, mai 144Hz kuwa kusan 7. Wannan ba shi da alaƙa da 50Hz na wutar Najeriya, don haka ka ƙyale janareta, kada ka ƙara masa gudu. Allon ba zai ƙara sauri ba, hayaƙi kawai zai yi.

Na biyu, tambayi Windows. Sau da yawa tana karɓar sabon allo ta ajiye shi a kan 60 ba tare da ta gaya wa kowa ba. Shiga Settings, sai System, sai Display, sai Advanced display, ka zaɓi 144 da hannunka. Akwai waɗanda suka shekara suna gayyato abokai daga Kagoro da Gidan Waya su zo su ga santsi, alhali a kan 60 suke. Duba naka yau, kafin baƙi su iso.

Na uku, waya. In 144 bai fito a jerin ba, dubi abin da ke bayan allon. Waya ita ce hanya, kuma tirelar citta daga Kachia ba ta bin lungun da keke ke bi. Tsohuwar HDMI ɗin da ka cire daga bayan dikodar baba ka mayar masa da ita, dama yana cigiya. Nemi DisplayPort in allon na da raminta. HDMI 2.0 na iya ɗaukar 144Hz a girman hoto na 1440p, amma 4K a kan 120Hz aikin HDMI 2.1 ne. Sannan in kwamfutarka ta tebur ce mai katin hoto, soka wayar a ramin katin, wanda yawanci yake can ƙasa, ka bar na sama da ke kusa da ramukan USB.

Na huɗu, san iyakar injinka. PS4 ba ta wuce 60Hz, ko da ka shafa mata man shanu. PS5 da ta fito a 2020 tana kaiwa 120Hz, amma a wasannin da aka gina don haka, irin su Fortnite da Call of Duty, kuma sai ka kunna abin a saitinta. Ƙwallon FC 24 a PS5 hoto 60 yake bayarwa a daƙiƙa. In ƙwallo ce sana'arka, matsalar tana wajen masu tsaron bayanka.

Na biyar, in hoto yana tsagewa gida biyu, sama na gabas ƙasa na yamma, allo da katin hoto ne ba sa tafiya tare. Kunna FreeSync in katinka AMD ne, ko G-Sync in Nvidia ne kuma allon ya yarda da shi. In babu ko ɗaya, V-Sync zai ɗinke tsagar, sai dai yana ƙara ɗan jinkiri tsakanin yatsa da allo.

Na shida, ƙura da wuta. Hazon hunturu yana toshe fankar kwamfuta. In ta yi zafi sai ta rage gudu don kare kanta, hoto ya fara tsalle. Buɗe ta ka hure ƙurar, ka sauke ta daga kan katifa. Kwamfutar cinya kuma da zarar an ɗauke wuta ta koma batir, takan rage ƙarfi. In allon na ƙiftawa duk lokacin da firij ya tashi, sitabilaiza kake buƙata.

In ka gama, buɗe shafin TestUFO ka ga lambar da idonka, ko ka danna maɓallin jikin allon ya nuna maka saurin da yake karɓa.

Kai kuma oga mai gidan gem, ga taka. Allo, waya, inji da wasan kansa, wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke yanke saurin da yara za su gani. In PS4 ce cike da shagonka, kada ka zuba jari a allo mai 144Hz. Sayi inbata da batir mai kyau, ka sa fanka, ka canza hannayen da suka gaji. Yaron da wasansa bai yanke a minti na 89 ba, gobe shi zai kawo maka abokansa.