Gamsasshen Bayani a Kan Tagogin Gidan Kuyumjiyoglu

Amma bayan haka, ka sani, ya kai mai neman fahimta, a tsohon garin Plovdiv na ƙasar Bulgeriya, dab da ƙofar ganuwa da ake kira Hisar Kapiya, akwai wani gida da gwanin magini Haji Georgi ya gina wa attajiri Argir Kuyumjiyoglu a 1847. Ta yamma hawa biyu ne, ta gabas hawa huɗu, saboda gangaren tudun da yake kai. Ɗakunansa 12, kowanne da sassaƙaƙƙen rufin katako irin nasa. Tagoginsa 130. Marubuta sun ƙarar da tawada wajen yabon rufin nan da lanƙwasar goshin gidan, tagogi kuwa sun ƙirga sun wuce, alhali nan ne mas'ala take.

Mas'ala ta farko, ta'arifi. Taga, a wurinmu, ita ce kafar da aka bari a bango da gangan, wadda haske ke shiga ta cikinta, ido kuma yake fita. Da muka ce "da gangan", mun fitar da tsagewar bango da ramin ɓera. Da muka ce "ido yake fita", mun fitar da ƙofa, domin ita mutum ɗungurungum take fitarwa.

Mas'ala ta biyu, rabo. In aka raba 130 gida 12, kowane ɗaki ya tashi da goma, goma kuma ta yi saura. A kan wannan saura akwai fuskoki biyu. Ta ɗaya, a mayar wa ɗakunan, kowanne ya sami ƙarin kashi biyar cikin shida na taga. Wannan rarrauna ce, don ba a taɓa jin wanda ya buɗe kashi biyar cikin shida na taga ya sha iska ba. Ta biyu, a bar wa babban falon tsakiya, wanda mutanen ƙasar ke kira hayet, inda ƙofofin ɗakuna ke buɗewa, ya kwashe abin da ya rage bayan masu rabo sun ɗauki nasu. Ita muka rinjayar.

Mas'ala ta uku, mazauna. Bayan da mulkin Turkawa ya kau daga birnin a 1878, Argir ya yi ƙaura zuwa Vienna, bai kuwa tafi da taga ko ɗaya ba. Waɗanda suka ci moriyar tagogin, shi da na bayansa, nau'i uku ne.

1. Masu leƙe: iyalan attajirin, da 'yan matan makaranta da aka yi wa masauki a gidan daga 1898 zuwa 1902.
2. Marasa leƙe: buhunan fulawa da aka jibge a ciki, da ruwan khal da aka riƙa sarrafawa a wurin.
3. Masu shubuha: hulunan da wata masana'anta ta ɗinka a gidan. Hula dai don kai aka yi ta, kai kuma da idanu yake tafe, sai dai a masana'anta ba ta riga ta sami kan ba. Mun dakata a kanta.

In wani ya ce: tunda fulawa ba ta leƙe, ashe a zamaninta tagogin sun faɗi daga matsayinsu, sun koma ramuka? Sai mu ce: a'a. Ba a shiga da buhu sai da ɗan dako, ɗan dako kuwa in ya sauke kaya ya miƙe baya, dole idonsa ya faɗa waje. Leƙensa ɗaya ya ɗauke wa dukkan buhunan.

Babbar barazana ta zo ne a 1930, da ɗan kasuwar taba Antonio Colaro ya sayi gidan da nufin rushe shi ya gina sito. Hukumar birni ta hana, a 1938 kuma ta saye shi. Yau gidan adana kayan gargajiya ne, kowa da ya shiga idonsa na kan tufafi da kayan sana'a, ya juya wa tagogi ƙeya.

Wannan tauye haƙƙi ne. Hukuncinmu ga duk wanda ya yanki tikiti ya shiga: wajibi ne ya leƙa ta taga ɗaya kafin ya fito. Sauran 129 mustahabbi ne.